Neman kalma: me za mu kira gefe biyu na kwabon Rumawa?

1/ Jama'a, masana tsoffin kuɗi suna kiran gefen kwabo mai ɗauke da kai obverse, ɗayan kuma reverse. Mu gaba da baya muke cewa. Kalmar baya ɗin ce ba ta kwanta mini ba, musamman a kwabban tagulla na Rum.

2/ Gefen farko ba wuya. Kan sarki zai zo a baki, amma tuni muka ba wa abin liƙa wa wasiƙa wannan suna. Kuma kwabon da ake kira as na zamanin jamhuriya ba sarki a kansa, gunkin Janus ne mai fuska biyu. Gefen fuska ya wadatar.

3/ Yanzu ku juya kwabon. Bayan Rumawa sun ci Ƙudus a shekara ta 70 Miladiyya, sarki Vespasian ya sa aka buga sestertius, babban kwabo mai darajar as 4. A tsakiya bishiyar dabino ce. A gindinta mace tana zaune ta yi tagumi, a wasu kuma ga fursuna tsaye an ɗaure masa hannuwa ta baya. An rubuta IVDAEA CAPTA, wato an ci Yahudiya da yaƙi. Matar nan ita ce ƙasar, abin da malaman adabi ke kira mutuntarwa. Ko wanda bai iya karatu ba, da ya karɓi canji a kasuwa ya ji labarin.

4/ Sarki Nero ma ya zana tashar jiragen ruwa ta Ostia cike da jirage, inda ake sauke hatsin da ke ciyar da birnin Rum. Cewa yake yi da talakawa abinci na tafe. Sai haruffa S C da ke kan yawancin tagullar, alamar amincewar majalisar dattawa.

5/ To gefen da ke wannan aiki za a kira baya? Baya a kunnen Bahaushe abin da aka juya wa ƙeya ne. Nan kuwa hukuma ke magana, aikin sankira yake yi. Shi ya sa na tsaya a kan gefen shela.

6/ Na auna gefen saƙo, amma saƙo yakan nufi mutum ɗaya, shela kuwa ta kowa ce. Ku gwada a baki: a gefen fuska Vespasian, a gefen shela dabino da mace. Malaman Hausa, in akwai tsohuwar kalmar maƙera ko 'yan canji da ta fi wannan, don Allah ku kawo ta.