Neman shawara: "participated" zan rubuta ko "attended"?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa takardun neman aiki ne, ina so in saka wani taron bita da na je bara. Abokina ya ce in rubuta "participated", wai ta fi nauyi. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don ban gabatar da komai a wurin ba. Me kalmar take nufi takamaimai, kuma daga ina ta fito? Masana Turanci, don Allah a taimaka.

Wani malamin Turanci: Wa alaikumus salam, ƙanena. Asalinta ma zai ba ka amsa. Daga Latin take, harshen Rumawan dā, inda ake cewa "participare", ta kuma shiga Turanci a ƙarni na 16. Kalmomi biyu aka ɗinke: "pars", wato kashi ko rabo, da "capere", ɗauka ko kamawa. Idan "capere" ta haɗu da wata kalma takan koma "cip", shi ya sa za ka gan ta a "anticipate" da "recipient". Ka ga kenan wanda ya cancanci kalmar shi ne wanda ya ɗauki rabonsa na aikin, aka dama da shi. Wanda ya zauna ya saurara kawai, "attended" ce tasa. Rubuta abin da ka yi, domin ranar ganawa za a iya tambayarka gudunmawar da ka bayar.

Wata 'yar uwa daga Maraɗi: Malam ya gama magana. Ƙarin da zan yi, kada ka manta da "in" a bayan "participated". Mu da muka yi karatu da Faransanci mun saba da "participer à", shi ke jan da yawa su rubuta "participate to", kuma Turanci bai yarda da haka ba.

Wani ɗan uwa: Malam, a yi mini afuwa, ina ganin an ɗan tsaurara. Taron bita ai ba lacca ba ce. Malam mai tambaya, an raba ku rukuni-rukuni an ba ku aiki?

Mai tambaya: An raba mu, yaya. Ni ma na rubuta rahoton rukuninmu.

Malamin Turanci: To ai ka ɗauki rabonka! Rubuta "participated in", sannan ka ambaci rahoton nan a layi na gaba. Allah Ya ba da sa'a.