Ƙungiyar tasinmu ta oba-oba a Agege: mu yi tamu manhajar ko mu haƙura?

Sakataren_Gareji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a madadin ƙungiyarmu ta direbobin tasi, muna nan ɓangaren Agege, yawancinmu Hausawa ne sai 'yan uwanmu Yarabawa kaɗan. Tsarinmu tun da can shi ne muna da ofis da lambar waya, kwastoma ya kira, yaron da ke kan tebur ya ɗauki oba-oba ya sanar, wanda layi ya zo kansa ya amsa ya tafi, ƙarshen sati kowa ya biya kuɗin ƙungiya. Da haka mutane suka yi aure suka gina gidaje a Arewa.

To yanzu abin ya taɓarɓare. Tun da Uber, manhajar kiran mota ta waya, ta shigo Legas a 2014, Taxify da ta koma Bolt ta biyo baya, ga inDrive, ga LagRide da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a 2022 da sababbin motoci, kiran da ke shigowa ofis sai raguwa yake. Rediyoyin sun tsufa, in ɗaya ta lalace babu kayan gyara, na'urar da ke kan dogon ƙarfe mai ƙara nisan murya kullum matsalar wuta da batir, in direba ya tsallaka Lekki ko Ajah ba ma jin sa sam, ga kuɗin sabunta lasisin mitar rediyon. Yaranmu matasa kuma kowa da wayarsa biyu, in manhaja ta ba shi aiki ya kashe rediyo, amma da ya ji aikin filin jirgi ya shigo sai ya ce ai layinsa ne.

Wani yaro ya zo ya ce zai haɗa mana manhaja irin ta Bolt da sunan ƙungiya. Taro ya rabu biyu. Tambayata, in mun yi, dokar da ta hau kan waɗancan kamfanonin za ta hau kanmu? Kuma anya ma abin zai ɗore?

Mai_Gyaran_Waya_Ikeja:
Wa alaikumus salam Malam Sakatare. Don Allah kada ku taɓa kuɗin ƙungiya a kan wannan maganar tukuna. Manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa maka makulli, kuma ba ɗaya ba ce ma, akwai ta fasinja, akwai ta direba, akwai shafin da ofis zai riƙa kallon komai, duk wata sai an biya kuɗin sabar da ke riƙe bayanan, taswirar da ke nuna hanya ita ma in amfani ya yi yawa Google caji take kuma da dala, sannan duk sanda aka sabunta tsarin waya sai an nemo mai gyara, in yaron nan ya samu aiki ya bar gari wa zai taɓa muku? Kuma ko ta yi aiki lafiya lau, wa zai sauke ta? Mutumin da ke Surulere zai buɗe ya ga motarku mafi kusa tana Agege, sau ɗaya zai gwada ya goge.

Abin da kuke buƙata yana nan a araha. Akwai Zello, tana aiki kamar oba-oba sak, ka danna ka yi magana kowa a tashar ya ji, amma da data take tafiya, ko direba na Epe za ku ji shi muddin akwai sabis. Ga kwastoma kuma ku buɗe WhatsApp na kasuwanci da lambar ofis, ya turo inda yake a taswira, ku tura masa hoton direba da lambar mota. Ku gwada wannan da direbobi kaɗan kafin ku sauke eriya.

Baba_Tsohon_Direba:
Ɗana mai gyaran waya Allah ya yi albarka, amma akwai abin da ba ka sani ba game da rediyo. Amfaninta ba kai saƙo kaɗai ba ne. In aiki ya shigo kowa yana ji da kunnensa, kowa ya san wa aka ba kuma me ya sa, shi ya sa ba a zargin yaron tebur. Ranar da aka koma tura aiki ta saƙon waya daga mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya, ranar za a fara cewa ai sakatare ƙaninsa yake ba aikin filin jirgi, mu yana tura mu Oshodi cikin gosulo. Na ga ƙungiyar da wannan zargin ya wargaza ba wani kamfani ba. Don haka duk abin da za ku koma, ya zama a fili ake sanar da aiki.

Na biyu tsaro. Da dare in fasinja ya fara wasu take-take, ka danna ka faɗi kalmar da muka sani, 'yan uwa na kusa su nufo ka. Waya kuwa ita ce farkon abin da ɓarawo ke ƙwacewa.

Amma gaskiya ɗaya zan faɗa wa tsofaffi irina, layi irin na da ba zai yiwu ba yanzu. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ka taso mota ba kowa daga Agege zuwa Apapa don kawai layinka ne alhali ɗan uwanka na zaune a Ijora, wannan asara ce ga kowa. A ba na kusa, shi kuma wanda aka tsallake a rubuta masa, aiki mai tsoka na gaba nasa ne. Yaran nan masu waya biyu kuma kada a kore su, iyali gare su. A dai ce wanda bai amsa kiran ofis ba sau kaza a sati ya koma ƙarshen layi.

Abu_Hanifa_Obalende:
Sakatare bari in taɓa ɓangaren doka don nan ne hatsarin yake. A watan Agusta 2020 gwamnatin Legas ta fito da ƙa'idojin masu haɗa fasinja da direba ta manhaja. Da farko an yi maganar lasisin naira miliyan 10 ga kamfanin da motocinsa ba su kai 1000 ba, miliyan 25 ga wanda ya haura, da harajin kashi 10 a kan kowace tafiya, bayan an kai ruwa rana aka sassauta, harajin ya koma naira 20 a kowace tafiya da sunan gyaran hanya. Kuma gwamnati na neman kamfanin ya riƙa ba ta bayanan tafiye-tafiye. To ranar da kuka sa manhaja a kasuwa da sunanku tana karɓar oda tana yanke farashi, da wane baki za ku ce ku ba irin su ba ne? Rajistar da kuka yi a matsayin ƙungiyar haɗin gwiwa daban take, ta ba ku damar tara kuɗi da ba da rance da mallakar kadara, ba ta maye gurbin izinin ma'aikatar sufuri.

Shawarata ku rubuta takarda da hatimin ƙungiya ku kai ma'aikatar sufuri a Alausa, ku bayyana yadda kuke aiki, ku nemi amsa a rubuce. Kada ku dogara da "wani oga ya ce ba komai". Ku tuna abin da ya faru da 'yan acaɓa, a Fabrairun 2020 da aka hana babur a manyan ƙananan hukumomi har Gokada da sauran masu manhaja da hular kwano da jari mai yawa bai bar su ba, kuma mun san 'yan uwanmu nawa ne suka tattara suka koma gida bayan an sake tsaurarawa a 2022. Manhaja ba ta kare kowa daga doka.

Kafin nan ku duba takardun kowane direba, lasisin tuƙi, katin LASDRI na cibiyar horar da direbobi ta jiha, katin rajistar mazauna jiha na LASRRA, takardar lafiyar mota, izinin haya, inshora. Ƙungiya ta riƙe kwafi da ranar ƙarewar kowanne ta riƙa tuna wa mutum. Sannan lambobin kwastomomi da adireshin gidajensu da ke littafinku amana ce, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, kada a riƙa watsa su a babban guruf.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni kwastoma ce ba direba ba, ku yi haƙuri na shigo. Har gobe irin ƙungiyarku nake kira in zan je filin jirgi da asuba ko zan aika yara makaranta ko na ɗauko kaya daga kasuwar Balogun, saboda na san in wani abu ya faru akwai ofis akwai shugaba da zan je in samu, kuma direban ya san ni ya san maigidana. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace a garin nan. Amma ku gyara Alhaji. Sai a ce mota na zuwa, ka yi ta jira ba wanda zai ce maka ga inda take. Farashi kuma yau daban gobe daban ya danganta da wanda ya zo. Wasu har yanzu in ka ce taransifa sai su ɓata rai, bayan wahalar takardar kuɗi da aka sha a farkon 2023. Ku rubuta farashin manyan wurare ku turo mana, ku wanke mota, ku gyara na'urar sanyi, wallahi ni da ƙawayena ba ma buƙatar wata manhaja.

Matashi_Mai_Corolla:
Baba na gode da ka ce kada a kore mu. Mu ma ba daɗi muke ji ba, kamasho ake cira mai yawa a kowace tafiya, ga mai ga balas ɗin mai mota, kuma wani kamfanin ya taɓa rufe ni a kan ƙorafin fasinja ba tare da an ji ta bakina ba, ba wanda zan je in gani ido da ido. Amma zaman jiran kira daga safe zuwa azahar ba zai ciyar da gida ba. In ƙungiya za ta taimaka mana da rancen mayar da mota mai amfani da gas a riƙa cira kaɗan kaɗan, kuma ta nemo kwantiragi da makarantu da otal da masu shirya tafiyar Umara, ni zan fi son aikin gida.

Sakataren_Gareji:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Hajiya ƙorafinki ya isa kuma zan karanta shi a gaban taro yadda kika rubuta. Zan ba da shawarar a dakatar da maganar manhaja, a kai takarda Alausa, a fara gwada Zello da masu aikin dare tunda su ne suka fi yin nisa, rediyo kuma a bar ta a kunne tukuna. Malam mai gyaran waya, tsofaffinmu da yawa ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, akwai wata mai sauƙin kuɗi da za ta ɗauki Zello kuma batirinta ya kai dare? In akwai ka faɗa min sunanta da kuɗinta kafin taron ranar Lahadi.