Akwatin wuta na wat 650 zai ɗauki wannan haɗin kwamfuta, ko in ƙara zuwa 750?

Ɗalibin Zane ya rubuta:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina shirin haɗa kwamfutar tebur da hannuna a karon farko. Na riga na sayi furosesa Ryzen 5 7600 da madabod (babban allon da ake haɗa komai a kansa) mai B650, katin hoto RTX 4070 kuma yana hanya. Abin da ya rage shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara suke kira fawa. Ina da tsoho na wat 500 wanda ya shekara takwas yana aiki bai taɓa ba ni matsala ba, sai dai Nvidia, kamfanin katin, ta rubuta cewa wannan katin yana son wat 650. Tambayata ita ce, 650 zai wadatar ko in je 750, kuma RAM ɗina (sandar ƙwaƙwalwar wucin gadi) na DDR4 zai shiga sabon bod ɗin? Gidan kwamfutar da na saya ƙarami ne, saboda haka tsawon akwatin ma abin dubawa ne. Ina roƙon wanda ya taɓa haɗa irin wannan ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Mai Wasanni ya rubuta:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka sayi na wat 1000 ka huta. Shi nake amfani da shi tun bara, kuma ko fankarsa ban taɓa jin tana juyawa ba.

Injiniya ya rubuta:
Malam, bari in fara da RAM, domin nan babu jayayya. Soket ɗin AM5 da furosesarka ke hawa DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma tsagin da ke ƙasan sandar DDR4 ba a wuri ɗaya yake da na DDR5 ba, don haka ko ka danna da ƙarfi ba za ta zauna ba, sai dai ka karya ramin. Batun wuta kuwa lissafi ne mai sauƙi. Katinka yana cin kimanin wat 200, furosesar ba ta wuce 88 idan ba ka taɓa saitinta ba, bod da faifan ajiya da fankoki kuma su ɗauki abin da bai taka kara ya karya ba, jimilla ba za ka kai 400 ba. Na wat 650 mai kyau ya ishe ka har da rara. Abin da nake so ka duba shi ne takardar da ke manne a jikin akwatin, layin bolt 12, domin daga nan katin da furosesa suke sha. Idan ka ga amfiya 54 a wannan layi, ka ninka da 12, za ka sami 648, to wannan 650 ne na gaskiya.

Baba Mai Gyara ya rubuta:
Yaro, lissafin Injiniya daidai ne a kan takarda, amma takardar da ya ce ka karanta wa ya buga ta? Na fi shekara ashirin ina kwance waɗannan akwatuna, kuma na sha riƙe wanda aka rubuta wa wat 700 in ji shi sakayau a hannu kamar gwangwanin da aka shanye. In ka leƙa ta ramin fanka sai ka ga kafasita, wato 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta, 'yan mitsi-mitsi da wayoyi sirara. Ni dai nauyi nake fara ji kafin in karanta komai. Tsohon naka na shekara takwas kuma ka bar shi ya yi ritaya, kafasita tana bushewa da zafi ko da ba ta nuna alama ba. Kada kuma ka ce za ka buɗe shi ka duba, wuta tana kwana a ciki bayan an zare shi daga bango.

Hajiya Mai Hoto ta rubuta:
Ƙanena, duk maganar wat da ake yi ba ita ce ta kashe ni ba, waya ce. Ina da akwatin wuta irin wanda wayoyinsa suke cirewa, ya fara kashe kwamfutar idan aiki ya yi nauyi, sai na sayi sabo na wani kamfani daban, shi ma mai cirewa. Na riga na ɗaure tsofaffin wayoyin tsaf a bayan bod, na ga babu dalilin warware su, tun da bakinsu ya shiga sabon akwatin har ya yi ƙas. Na danna makunni, fanka ta yi rabin juyi ta tsaya, sai ƙauri ya tashi. Faifai biyu ne a kan wayar SATA ɗin nan mai kai musu wuta, ɗaya na aikina, ɗaya kuma wanda nake kwafe aikin a kansa don tsaro, kuma duka biyun suka ƙone a cikin daƙiƙa ɗaya. Hotunan shekara shida na mutanen da suka amince da ni suna ciki. Daga baya ne wanda ya auna mini da mita ya nuna mini cewa bolt 12 ya shiga inda ake jiran bolt 5. Ashe ɓangaren wayar da ke shiga faifai ko bod ne kaɗai aka daidaita a ko'ina, ɓangaren da ke shiga akwatin kuwa kowane kamfani yana jera fil ɗinsa yadda ya ga dama, wani lokaci ma samfuri biyu na kamfani ɗaya ba sa jituwa. Na mayar da akwatin a kan garanti, aka ce lafiyarsa ƙalau, laifina ne, kuma gaskiyarsu. Har yau faifan nan biyu suna cikin durowa, na kasa jefar da su.

Mai Wasanni ya rubuta:
Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Ni ma akwai tsohuwar waya ɗaya a cikin tawa, yanzu zan je in zare ta.

Ɗan Barkwanci ya rubuta:
Ka yi sauri, domin wat 1000 ɗin naka idan ya tashi ƙona abu ba faifai kaɗai zai tsaya ba, har labule sai ya taɓa. Ni har yanzu ban gane ba, kwamfuta kake kunnawa da shi ko walda kake yi?

Abban Biyu ya rubuta:
Labarin Hajiya ya sa ni ma na tsorata. A kan tambayar kuwa, lokacin da na sayi nawa, mai tambarin 80 Plus Gold ya kusa ninka kuɗin mai Bronze, sai na ɗauki Bronze na 650, kuma shekara uku ke nan lafiya.

Ma'aikacin Dare ya rubuta:
Ban san inda ka duba ba, Malam, amma ni bambancin da na gani tsakaninsu bai kai kuɗin fanka ɗaya ba. Ranar da na saya ma na 750 ya fi na 650 araha saboda rangwame.

Injiniya ya rubuta:
Ya kamata a fahimci abin da tambarin 80 Plus yake nufi. Yana auna yawan wutar da ke salwanta ta zama zafi ne kawai. A gwajin bolt 115, Bronze yana ba da kashi 85 cikin ɗari na wutar da ya sha idan an ɗora masa rabin nauyinsa, Gold kuma kashi 90. Bai ce komai a kan ingancin kafasita ko kariyar da ke yanke wuta idan ta yi yawa ba. Abin da ya fi amfani ga mai tambaya shi ne ya nemi wanda aka rubuta wa ATX 3.0 ko 3.1, wato tsarin da ake bi wajen ƙera akwatin wuta, domin ƙa'idar da Intel ta fitar a 2022 ta tanadi yadda akwati zai jure fizgar wuta ta ƙiftawar ido da katunan zamani suke yi. Batun auna nauyi a hannu kuwa, Baba, da girmanka, ba gwaji ba ne.

Baba Mai Gyara ya rubuta:
Gani ya kori ji, Injiniya. Kai kana karanta abin da aka rubuta, ni kuwa gawar ake kawo mini a kan tebur. Akwati nawa ka taɓa kwancewa?

Injiniya ya rubuta:
Waɗanda suka mutu kaɗai ake kawo maka, Baba, masu rai ba ka ganinsu, shi ya sa kake zargin kowa.

Ma'aikacin Dare ya rubuta:
Tun da an taɓo jeren fil, ni abin da ke ci mini rai shi ne kwamfutocin ofis da ake sayarwa a haɗe. Na sayi ɗaya ta hannu da niyyar sa mata katin hoto, na buɗe sai na tarar bod ɗin ba ya amfani da waya mai fil 24 da kowa ya sani, wata 'yar ƙarama ce ta kamfanin kaɗai, akwatin wutar kuma dogo siriri wanda babu irinsa a kasuwa. Ramin bod da katin ke shiga wat 75 kawai yake bayarwa, katin nawa yana neman waya mai fil 8, akwatin kuma ba shi da ita. Tun 1995 ake da tsarin ATX, me ya hana su bin sa in ba son a dawo wurinsu ba?

Abban Biyu ya rubuta:
Akwai 'yar wayar da ke juya fil 24 zuwa irin nasu, amma bayan abin da Hajiya ta faɗa ba ni da bakin da zan ce ka gwada.

Ɗalibin Zane ya rubuta:
Na gode ƙwarai, na fasa amfani da tsohon, kuma zan nemi DDR5. Sai dai har yanzu babu wanda ya taɓa batun tsawo. Littafin gidan kwamfutar ya ce akwatin kada ya wuce milimita 140, na 750 ɗin da nake kallo kuma 160 ne. Sannan ban tabbata ko katin da ke zuwa mai fil 8 ne ko mai fil 16 ba.

Ma'aikacin Dare ya rubuta:
Ka duba hoton katin a takardar sayenka, ana yin RTX 4070 da duka biyun. Baba Mai Gyara, don Allah ka taɓa sa 'yar wayar nan mai juya fil 24 a kwamfutar ofis ta zauna lafiya?