Mun dawo da su Baba kusa da mu, amma ya ƙi sakewa

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Baba ya cika shekara 35 a aikin gwamnati ya yi ritaya, sai muka lallashe shi da Hajiya suka baro Funtuwa muka kama musu gida a Hotoro, layi biyu da namu. Hajiya ta ware, har ta shiga islamiyyar matan aure. Shi kuwa Baba kullum yana zaure da rediyo, sai ya ce Kano babu mutane. Kano fa! Yaya zan yi?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Maman Biyu, majalisarsa yake kewa. Maigidanki ya riƙa raka shi sallar Asuba da Magariba, ya gabatar da shi ga liman da dattawan sahun gaba. Kuma ku saka benci a ƙofar gida. Tsoho ba ya zuwa neman abokai, sai dai a zo a same shi.

Yaya Babba: Kada ku mayar da Hajiya mai reno. Jikoki su je su gaida su, su ci tuwo, su dawo. Ki duba banɗakin ma, tayil na da santsi, mahaifiyata a nan ta karye.

Maman Biyu: Ai kuwa duk gidan tayil ne, gobe zan kira mai gyara. Yaya, ina ake samun tabarmar roba mai kama ƙasa? Kasuwar Sabon Gari?