Yaya zan koya ma ƴan CM1 (aji biyar na firamare) kimiyya alhali ba mu da labo, wato ɗakin gwaji?

Mushen CM1, Tawa:
Salamu alaikum malamai. Ni dai darasin siyans ya ishe ni wallahi. In na rubuta rezime a allo yara su kwafe cikin kaye su haddace tsaf, amma ka tambayi yaro mi ya sa ruwan randa ya fi na bido sanyi sai ya zuba maka ido, alhali kullum a randar nan yake sha. Labo babu, kuɗi babu, ajin ma na zana ne. Wa ke da dabarar da ya gwada da hannunsa?

Madam, Yamai:
Wa'alaikumus salam mushe. Ai tambayar randar nan da ka yi ita ce darasin, kar dai ka ba su amsa. Samo gora biyu iri ɗaya ka cika su daga rijiya ɗaya, guda a naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu guda a bar ta tsirara, a aje su inuwa ɗaya inda iska ke bugawa, kuma tun kafin a taɓa kowa ya rubuta a ardwaz wadda yake zaton za ta fi sanyi da dalilinsa. Bayan rekire su taɓa da kansu. Ruwan buhun yana bin iska yana tafiya da zafin gorar, haka randa take, yumɓu na da ƴan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa.

Wanda nawa suka fi so kuwa bisab ne. Jiƙa shi ba sukari ka raba kofi uku, ɗaya lemun tsami, ɗaya ruwan kanwa, na uku kar a sa komi don a samu abin gwadawa da shi. Na lemu sai ya ƙara ja, na kanwa ya yi duhu ya koma kore-kore, ranar har masu barcin bayan aji sun taso. Washegari wata ta zo da ruwan toka wai a gani ko ɗan'uwan kanwa ne.

Tsohon darekta:
Ɗana, kafa sanda a tsaye cikin filin lakwal, kowane sati a auna inuwarta da igiya in rana ta take, a ƙulla. Ka lura a Tawa rana ba ta takewa sha biyu daidai, sai wajen ɗaya saura minti ashirin. Watan Disamba inuwar doguwa ce tana kallon arewa, tana ta raguwa har wajen ƙarshen Afrilu ta kusa ɓacewa ƙarƙashin sandar, daga nan ta juya kudu. Kada ka gaya musu za ta juya. Bar su su zo da gudu su gaya maka.

Malamin CM2:
Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, purogiram fa? Aji cike maƙil, ka ce kowa ya taɓa gora ai ranar ta tafi, ga kompozisiyo na tafe kuma rezimen nan dai shi za a tambaya.

Madam, Yamai:
Malam ba kullum ba ne ai, kuma ba duka ke cin lokaci ba. Wake a gwangwanin tumatir, wani a jiƙa wani a bushe wani a jiƙa a rufe cikin kwali, minti biyar da safe kowane gungu ya duba nasa ya zana abin da ya gani, cikin sati ɗaya waɗanda aka jiƙa sun tsiro, na cikin kwalin ya fito dogo fari sol ba ƙarfi. Rezimen sai a rubuta shi daga bakinsu. Abu ɗaya dai, in za ku yi na ƴaƴan zogala da ke kwantar da laka a ruwan gulbi, a ja musu kunne kar su sha, ya washe ne kawai amma bai kashe ƙwayoyin cuta duka ba.

Mushen CM1, Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba darekta, sandar sai ta kai mita ɗaya ko ko wace iri ta yi? Kuma awakin unguwa na shigo mana fili da marece.