Don Allah a taimaka, enzayim zai iya maye gurbin maganin tayirod?

Mai tambaya: Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana. Kusan shekara guda kenan kullum a gajiye nake, ko na yi barci sai in tashi kamar an daka ni, kowa na fifita ni ina neman bargo, in na taje kai sai gashi ya cika matajin, ga ƙiba alhali ba wani ci nake ba har maigida ya fara cewa lalaci ne. Na yi gwajin jini aka ce TSH ɗina (na gwajin tayirod) ya hau, aka rubuta min maganin tayirod mai suna levothyroxine. Na sha sati 2 ban ga komai ba na ajiye, ƙawata ta ba ni ƙwayoyin enzayim wai abinci ne ba ya narke min. Ba duk aikinsu ɗaya ba?

Anti mai aikin lab: Ƙanwata ina! Levothyroxine homon ne, ba enzayim ba. Homon ɗan aike ne, wani sashe na jiki ke zuba shi cikin jini ya kai saƙo nesa. Enzayim kuwa ma'aikaci ne, inda yake nan yake hanzarta aiki, kamar amylase na cikin yawu mai farfasa sitaci. Tayirod ɗinki tana gaban wuya, ita ke yin homon T4 da T3 masu saita yadda jiki ke ƙona makamashi, in ta yi sanyi sai pituitary da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ta yi ta turo TSH tana zaburar da ita, shi ya sa naki ya hau. Levothyroxine T4 ɗin ne, ƙwayar narkewar abinci kuwa ba ta da T4 ko ɗigo.

Wata: Hmm ni shekara 3 ina yawo likita na ce min damuwa ce, sai da maƙoƙo ya fito min a wuya sannan aka yarda. Har yau ban huce ba wallahi.

Wani: Aidin ne ya yi miki ƙaranci Hajiya, ki koma gishiri mai aidin ki huta da ƙwayoyi.

Anti mai aikin lab: Malam kar ka ruɗa ta. Tayirod na buƙatar aidin, gaskiya ne, amma wani lokacin garkuwar jiki ce ke kai mata hari, kuma aidin in ya yi yawa ƙara dagula ta yake. Ƙanwata sati 2 me? Sai sati 6 zuwa 8 ake sake gwaji. Da safe kafin ki ci komai ake shan levothyroxine, maganin ƙarin jini kuma a raba su da awa 4. Ki koma wajen likitanki.

Mai tambaya: Anti ai ni tare da shayi da maganin jinin nake haɗiye su, ba wanda ya faɗa min. Kuma tunda na fara enzayim ɗin kumburin ciki ya ragu, to ya zan bari? An ce fa levothyroxine in ka fara sai mutuwa ta raba.

Wata: Ni dai har yanzu ina sha.