Neman shawara: PE, P, LER da LSR sun rikita min kai

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina hidimar ƙasa a wani kamfanin intanet nan Kumasi, an sa ni a sashen da ke kula da layukan bankuna. Kullum ogana sai ya ce "duba PE ɗin Adum", littafin da nake karantawa kuwa LER da LSR yake ta ambata. Na'urori ne daban, ko ni ne ban gane ba? Wata mai zuwa za a yi mana gwaji kafin a ɗauki wasunmu aiki. In zauna in haddace sunayen MPLS (fasahar tura bayanai ta hanyar manna musu laƙabi) duka, ko da wata dabara?

Injiniya daga Nima: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka haddace komai tukuna. Rauta (na'urar da ke tura bayanai daga layi zuwa layi) ɗaya ce, suna biyu. Wadda ke bakin iyaka, inda layin banki yake shigowa, masu harkar VPN (keɓaɓɓiyar hanyar da ake ware wa kwastoma a kan layukan kamfani) suna ce mata PE, littafi kuma LER. Ta tsakiya, wadda ba ruwanta da kwastoma, ita ce P, a littafi LSR. Ta cikin ofishin bankin kuwa CE ce, ba ta ma san da MPLS ba.

Ka ɗauki fakiti ɗaya, wato ƙunshin bayanai, ka bi shi daga reshen Adum zuwa hedikwata a Accra. PE ta farko tana manna masa laƙabi, wato wata lamba. Kowace P ta hanya laƙabin kawai take dubawa, ta cire ta sa wani, ta tura gaba, kamar yaran mota da ke karanta rubutun jikin buhu ba tare da sun kwance shi ba. Hanyar nan gaba ɗayanta ita ce LSP, kuma gefe ɗaya take tafiya, dawowa da tata daban. Rukunin fakitocin da ake yi wa hukunci iri ɗaya shi ne FEC. LDP kuma ita ke rarraba laƙaban tsakanin maƙwabta.

Hajiyar Asawase: Injiniya ka bar masa inda ake kayar da yara a gwaji. A layin banki laƙabi biyu ne a jere. Na waje yana kai fakitin ga PE ta ƙarshe, na ciki kuma, wanda BGP (tsarin da rautoci ke musayar bayanan hanyoyi da shi) ke rabawa, shi ke nuna VRF (teburin hanyoyi da aka keɓe wa kowane kwastoma) ɗin da za a saka shi. Sannan galibi ba PE ta ƙarshe ke cire na wajen ba, ta kusa da ita ce ke cirewa, abin da ake kira PHP. Laƙabi mai lamba 3 ne alamar hakan, yana cikin lambobi 0 zuwa 15 da aka keɓe don ayyuka na musamman. In injinanku Cisco ne, buga show mpls forwarding-table, za ka gani da idonka.

Wani daga Madina: Ni fa ina ganin ɓata lokaci ne a kan LDP, duniya ta koma SR (Segment Routing, sabuwar hanyar da ba ta buƙatar LDP) yanzu.

Injiniya daga Nima: Malam, SR ɗin ma a kan MPLS da laƙabin nan mai bit 20 take aiki, hanyar rabon ce ta sauya. Tsarin MPLS da IETF, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin intanet, ta fitar a 2001 shi ne tushe har gobe. Yaro ya san abin da ke kamfaninsu tukuna.

Ɗan Aboabo: Allah ya saka da alheri. Hajiya, laƙabi biyun nan ba ya ƙara wa fakiti nauyi?

Hajiyar Asawase: Yana ƙarawa ɗana, bayit 4 kowanne (bit 20 na lambar haɗe da sauran bayanan da ke tare da ita), biyu 8 ke nan. In ba a ɗaga MTU, wato iyakar girman fakitin da layi ke ɗauka, a layukan tsakiya ba, ƙananan fakitoci za su wuce lafiya, manya su maƙale, kwastoma ya yi ta kira. Gobe ka tambayi oganka nawa suka sa a nasu.